Na Wanke Kwat Ɗin Da Ba A Wankewa

Anti Rosalind, don Allah ki cece ni, na gaji. Shekara talatin da ɗaya ina auren Alistair, kuma tun ina amarya yake tara tsofaffin kwat na 'yan tseren kwale-kwale, masu ratsin ja da kore kamar labule. Arba'in da uku ne yanzu! Sun cinye mini kabad, ɗakinmu ba abin da yake sai warin kafur da tsohon gumi.

Na san al'adarsu, a bakin kogin Thames na tashi: ba a wanke kwat ɗin kulob, tabon giya da laka ne darajarta. Amma 'yarmu Imogen za ta yi aure nan da mako biyu, mutumin nan ya dage wai da wadda ta fi duka dauɗa zai raka ta coci. Haba! Yana fita na jefa ta injin wanki. Ta fito tas, ashe a shafin ciki akwai sunayen mutum shida da suka gaje ta, da tawada, na biyar marigayi mahaifinsa ne, shi ya rubuta da hannunsa. Duk sun goge. Bai yi faɗa ba, gara ma ya yi. Kwana tara ke nan shayi kawai yake ajiye mini ya wuce. Saboda tsumma fa! Ina tsoron mu je bikin nan ba ma magana.

Wadda Ta Gaji, daga garin Marlow

Baiwar Allah, gaskiyarki a kan wari. Kwat arba'in da uku ba su da hurumi a ɗakin kwana, kuma ya kamata Alistair ya ji wannan, amma bayan biki.

Yanzu laifin naki ne. Kin san al'adar, shi ya sa kika jira ya fita. Ki ba shi haƙuri, kada ki saka "amma" a ciki, kuma kada kalmar tsumma ta sake fitowa daga bakinki. Ki je wurin dattawan kulob ɗin, za su tuna sunayen nan. Ki nemo tsohuwar wasiƙar surukinki, ki kwaikwayi sa hannunsa da zare da allura a shafin. Ba zai zama na asali ba, kada ki ce masa ya zama.

Sannan ki bar shi ya sa ta ranar auren. Ba ado yake nema ba, so yake mahaifinsa ya raka jikarsa. Allah ya daidaita ku, ya sa a yi biki lafiya.