Ƙugiyar Jinƙai

Zuwa ga Gwaggo,

Gaisuwa da ladabi. Yaya ƙarfin jiki, yaya idon? Ina fatan likita ya ga sauƙi. Ki gaida ɗanki da iyalinsa, Allah ya saka musu da ɗawainiyarki.

Saƙonki ya iso ta bakin matar fasto, wai in riƙe miki ajin yara na ranar Lahadi. Gwaggo, ki yi mini afuwa, ba zan iya ba. Mako uku ke nan ban taka coci ba, da alama ba a gaya miki dalili ba.

Kin san ƙyallen bagade, teburin nan na gaban coci, da aka ba ni in yi wa rubutu da zare. Kwana tara na yi a kansa. Ranar da aka shimfiɗa, ana cikin addu'a na ji 'yan mawaƙa suna ƙunshe dariya. Ashe maimakon "Allah mai jinƙai ne", abin da na ɗinka shi ne "Allah mai jin kai ne". Ƙugiyar nan ta kan harafin ƙ a takardar da aka ba ni, na ɗauka biron fasto ne ya zame, sai na gyara masa. Na kuma buɗa tsakani don rubutun ya cika faɗin ƙyallen. Da hannuna na jingina wa Ubangiji girman kai, da jan zare, a gaban jama'a.

Tun ranar ba ni da sukuni. In na zauna a keken ɗinki sai in tashi, in na tashi sai in rasa abin da na tashi yi. Jiya na haɗa wa wata mata hannun riga a baibai.

Ki nemi wata. Ki huta lafiya.

'Yarki, mai ɗinki

*

'Yata mai ɗinki,

Na gaishe ki, na gaida kekenki. Ido yana nan yadda kika san shi.

An gaya mini mana. Na yi dariya har likita ya ce zan ɓalle masa ɗinkin idon. Ke kuma kin shige ɗaki kin ja ƙofa, sai ka ce ke kika fara kuskure a duniya. Wanda ya yi sama da ƙasa, ƙugiya ɗaya ce za ta rage shi? Almajirin nan masunci da ya yi musun Ubangijinsa har sau uku, da bakinsa ya yi, yana sane. Da suka sake haɗuwa, tumaki aka ba shi kiwo.

Amma ni na goya ki, na san ba ƙyallen ne kaɗai ba. Faɗi sauran.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙi.

Tunda kin ce in faɗa. Kin san a gidan kakana na tashi, allo na riƙe, ban taɓa zama a bencin makarantar boko ba. Shi ya sa ke kaɗai nake rubuta wa wasiƙa, don ke kaɗai ke karanta ajami a cikinmu. Da da ajami aka ba ni rubutun nan, da ban kuskure ba, kaf daban, ƙaf mai ɗigo daban, ko makaho ya shafa ya sani. Boko kuwa ina bin sa ne kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Shekara goma sha shida ina buɗe littafin waƙa ina motsa baki, alhali da ka na haddace. In wata ta ce in karanta mata, sai in ce na manta tabarau.

Wannan ƙarya ce, Gwaggo, kuma a ɗakin Allah na yi ta. Yaran nan 'yan makaranta ne, rana ɗaya za su gano ni. Ki bari har ki dawo, ai saura kaɗan.

'Yarki

*

'Yata,

Gaisuwa. Wannan da hannun surukata ce, da boko, sai ki nemi mai karanta miki, ki fara saba wa roƙo.

Tabarau ɗin da ba ki taɓa saya ba? Na sani tun shekarar farko. Sau nawa na ga littafinki a buɗe a shafin da ba shi ba, kina rerawa daidai.

Ga tawa gaskiyar. Ba zan dawo ba. Idon dama ya tafi, na hagu yana bin sa, ɗana ya ce zama ya kama ni a nan. Na ɓoye muku wata biyu don kada a tausaya mini, kin ga ni ma da nawa. Masu karatu sun cika cocin, na tambayi huɗu, kowa da uzurinsa. Makon jiya yara goma sha tara suka zauna a ɗakin baya har aka tashi, ba wanda ya leƙa su. Allah bai jira na gyaru ba kafin ya ba ni su, ke ma ba zai jira ki ba. Su karanta miki, ke ki ba su labarin.

Ban ce dole ba. Amma ba ni da wata.

Gwaggo

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa.

Na je. Sau biyu na kai bakin ƙofa na juya, na uku na shiga. Na gaya musu ban iya boko sosai ba. Suka yi ta rigimar wanda zai karanta, har sai da na raba faɗa.

'Yar mai gyaran keke, ɗaya daga cikin yaran, ta tambaye ni, wai in Allah ne ya ba ki su, me ya sa ya ɗauke ki. Na ce zan tambaye ki, in kawo mata amsa ranar Lahadi.

Ki taimaka ki aiko da wuri.

'Yarki