Matar da ke cikin hoton nan kakata ce, ba kuyangar Bature ba

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Gidan Adana Kayan Tarihi na garinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ranka ya daɗe, tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka.

Sunana Hajara. Ina aikin ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti a Dubai, ina zaune a unguwar Karama. Na sha aiko wa ofishinka saƙo ban sami amsa ba. Ƙanena Nasiru ya yi ta sintiri har masu gadin ƙofarku sun san shi. A bana kuma jirage tsakanin nan da gida sun tsaya saboda annobar korona, ba ni da halin zuwa in tsaya gabanka. Shi ya sa na fito da maganar fili. Ban ambaci sunanka ko na gidan ba, domin gyara nake nema.

Maganar a kan hoto ne guda ɗaya da ke rataye a ɗakinku na tarihin jirgin ƙasa. A ƙarƙashinsa kun rubuta cewa wani Baturen Ingila ne da kuyangarsa.

Na ɗaya: yadda hoton ya zo hannunku. A shekarar 2017 ina hutu a gida, ma'aikatanku suka zaga tsohuwar unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa suna neman kayan da za a nuna wa jama'a. Suka zo gidanmu, domin kowa a unguwar ya san mahaifiyata, Hajiya Ladi, wadda tun tana ƙarama ake kira Baturiya. Hoton nan shi kaɗai ne abin da take da shi na mahaifinta. A ƙasan akwati yake zama, naɗe cikin ɗankwali. Muka amince muka bayar, da tunanin cikin masu zuwa kallo wataƙila wani ya gane mutumin. Suka ce aro ne na 'yan watanni, suka ba mu takarda mai hatiminku. Sun kuma zauna a tabarmarmu sun ji tarihin hoton daga bakin Hajiya, ɗayansu yana rubutawa. Yau muna cikin 2021.

Na biyu: su wane ne a ciki. Matar ita ce mahaifiyar Hajiya, sunanta Tabawa, 'yar Malam Isa mai gyaran fitilun tasha. Mutumin makanikin kan jirgi ne. Ya musulunta a hannun limamin unguwa, aka sa masa suna Abdullahi, ya nemi aurenta wurin ubanta, ya biya sadaki, aka ɗaura aure aka raba goro. Gwaggo Asabe, ƙanwar Tabawa, tana nan da ranta, tana yarinya ta raka amarya. Ka dubi hoton da kyau, ranka ya daɗe. Tabawa ce zaune a kujera, shi yana tsaye, hannunsa a kafaɗarta. A wane gidan Bature na wancan zamani aka zaunar da kuyanga maigida yana tsaye?

Hajiya tana goye ya tafi ƙasarsu, ya ce mahaifiyarsa ba ta da lafiya, zai dawo bayan damina. Bai dawo ba. Tabawa ta jira har alƙali ya raba auren, ta sake wani. Ba na wanke shi. Ban sani ba ko mutuwa ya yi a hanya, ko hana shi dawowa aka yi, ko kuwa shi ne ya zaɓi ya manta da su. Abin da nake nema ke nan tun kafin in zo Dubai.

Na uku: inda bincikena ya kai. A gidanmu da unguwarmu Bature Fadi ake kiransa. Shekaru na yi ina neman wani Bature mai suna irin wannan, ina tambayar tsofaffin ma'aikatan jirgi, ina duba duk abin da na samu a intanet na sunayen waɗanda suka yi aiki a Arewa. Ban sami komai ba. Sai a nan asibitinmu, wata rana muna cin abincin rana da wata nas 'yar ƙasar Ailan, na ba ta labarin. Ta sa na maimaita sunan, sannan ta ajiye cokali ta ce ai wannan ba sunan yanka ba ne. Padi ne, laƙabin da Ingilishi ke kiran duk wani ɗan ƙasarsu da shi, kamar yadda ake ce wa kowane ɗan Arewa Aboki a Kudu. Ranar na gane abu biyu: kakana mutumin Ailan ne, tsibirin da ke yamma da Ingila, kuma ban taɓa sanin sunansa ba.

Ita ta nuna mini yadda ake gwajin DNA. Na tofa yawu a ɗan kwalba na aika. Sakamakon ya haɗa ni da wata dattijuwa a yammacin Ailan, kuma kusancin jininmu ya nuna tana iya zama 'yar ɗan'uwan kakana. Na rubuta mata ina ɗar-ɗar, ta amsa da mutunci. Ta ce ƙannen mahaifinta biyu ne suka tafi Afirka ta Yamma aikin jirgin ƙasa. Ɗaya ya koma gida ya rasu bai taɓa aure ba, ɗayan kuwa labarinsa ya yanke, danginsu ba su san inda ya ƙare ba. Tana da hotunan su biyun. Kama suke ƙwarai, sai dai ɗaya yana da tabo a haɓa. Abin da ke hannuna shi ne kwafin hoton namu da na ɗauka da waya kafin mu ba ku, kuma a cikinsa fuskar ba ta kai farcen yatsa ba, ga inuwar hula. Ita da ni mun ƙura masa ido har mun gaji. Sai an ɗauko na ainihin an sa shi a na'ura mai kyau kafin a san wane ne a cikinsu. Tsakanina da sunan kakana yanzu gilashinku ne kawai.

Na huɗu, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Kafin annobar korona ta rufe ko'ina, Hajiya ta ce tana marmarin ganin hoton iyayenta. Nasiru ya kai ta gidanku. Ba ta karanta boko, shi kuma da ya ga rubutun bai karanta mata ba. Suna tsaye sai ga jami'inku da ayarin baƙi, ya nuna hoton da sanda ya ce, "Wannan wani Baturen Ingila ne da kuyangarsa. Irin waɗannan matan su ne Turawa ke ajiyewa a bayan gida." Hajiya ta ce masa, "Ɗan nan, uwata ce. Da aurenta." Ya amsa mata cewa shi abin da aka rubuta yake faɗa. Baƙin suka juyo suna kallon farar fatarta.

Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta ce wa Nasiru su tafi. Tana yarinya an sha yi mata gorin rashin uba a bakin rijiya, kuma abin da take kare kanta da shi ke nan, cewa an ɗaura wa uwarta aure a gaban mutane. Yanzu ta tsufa, hukuma ta rubuta akasin haka ta rataye a bango. Da na kira ta daga nan, abin da ta ce mini shi ne in daina wahalar da kaina da binciken, tunda masu ilimi sun riga sun yanke.

Na biyar: amsoshin da aka ba Nasiru. An ce masa hoton ya zama kayan gwamnati, alhali takardarku ta ce aro. An ce ba a sauya rubutu sai kwamiti ya zauna, kuma ba a faɗa masa ranar zaman ba. Daga ƙarshe aka ce ya kawo takardar shaidar aure. Ranka ya daɗe, kai ma ka san a wancan lokaci shaidar aure ita ce mutanen da suka halarta. Ina kuma tambaya cikin ladabi: wace takarda aka kawo muku kafin ku rubuta kuyanga?

Ga abin da nake roƙo. A cire wannan rubutu yau, ko da bangon zai zauna ba komai a ƙarƙashin hoton. A miƙa wa Nasiru hoton na ainihi. Mun yarda ku riƙe kwafinsa ku ci gaba da nunawa, domin tarihin garin ne, ba namu kaɗai ba. A tura wani ya ɗauki bayanin Gwaggo Asabe tun tana iya bayarwa, don ƙarfinta ya ragu sosai. Jami'in nan kuma ba na so a hukunta shi, abin da aka ba shi ya karanta. Amma ina so wani babba daga gidanku ya taka ya je ya gaida Hajiya, ya faɗa mata da bakinsa cewa kuskure ne. Daga gare ni ba za ta karɓa ba, tana ganin lallashinta nake yi.

Idan za ku sake rubutu, ku sa: Tabawa 'yar Malam Isa da mijinta Abdullahi, mutumin Ailan, makanikin jirgin ƙasa. Ku bar ɗan fili a gefe. In Allah ya yarda zan aiko muku da sunan da iyayensa suka raɗa masa.

Allah ya taya ka riƙon amanar da ke hannunka, ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sa ka gama aiki lafiya. Allah ya sa ranar da jikokinka za su nemi labarinka, su tarar an rubuta shi daidai.

Wassalam.

Hajara, jikar Tabawa,
Karama, Dubai.