Hoton Kifina Ya Raba Ni da Aminina

Uwargida Lorin, ki taimake ni kafin tsofaffin ƙungiyarmu ta masu rediyo su cinye ni ɗanye.

Shekara talatin ina harkar rediyon gajeren zango a nan Montana, ashirin daga ciki ina kai wa hukuma koke kan dokar da ta ƙayyade saurin aika saƙon kwamfuta ta iska. Ka tura shafi ɗaya, ka sha kofi, ka aske gemu, ka dawo bai isa ba. Da aka ɗage ta, ran Lahadi da rana na harba hoton wani ƙaton kifi da na kama. Nan da nan ya isa Texas, daɗi ya kwashe ni, na yi awa guda ina rabawa. Ban saurari mitar ba kafin in fara, ko da yake haka aka saba yi, amma ai doka tana bayana.

Ashe a kan mitar nan aminina Delbat yake hira kowace Lahadi da yayansa Orbil na Alaska ta saƙon ƙwanƙwasa, mai rubuta haruffa da sauti. Orbil ya kurumce, ɗan ƙit-ƙit ɗin nan kaɗai kunnensa ke kamawa. Saƙona mai faɗi ya danne su har hanyar ta rufe. Wai Orbil ranar da za a yi masa aikin zuciya yake faɗa, Delbat bai sani ba sai bayan an yi. Orbil ɗin ya tashi fa. Amma wata biyu ke nan Delbat ba ya amsa kirana, sai dai ya aiko a gaida kifi. Abin yana ci na. Ina laifina?

Mai gaskiyar da aka tsana

Barka da nasara, Mai gaskiya. Duniya ta daɗe tana jiran kifin nan.

Kokenka yana da hujja, ranar gobarar daji sauri yana ceton rai. Orbil ma da ya haɗa da wasiƙa. Sai dai hukuma ba ta soke sauraro ba, kuma ko jiya aka ba mutum lasisi ya san ana tambaya ko akwai mai magana. Delbat ba da doka yake fushi ba. An kwantar da yayansa babu kowa nasa a bakin gado.

Ka taka har gidansa, ka ce ka yi kuskure, kada kalmar doka ta fito bakinka. Ka taya shi gyara eriya, don Orbil bai gama warwarewa ba, suna bukatar jin juna. Ran Lahadi ka kashe na'urarka, ka zauna gefensa shiru har su gama. Na san awa guda ba magana aiki ne a wurinka, amma ba ta kisa.

Allah ya ba Orbil lafiya, kai kuma ya ba ka kunne.

Lorin