Na Ce Wa Inna Gyara Zan Yi Wa Kwamfutar Autanta

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah kar ka sa sunana, waɗanda zan ambata ma na canza musu suna. Don Allah ku ba ni shawara, na san a nan yawanci maganar waya da kwamfuta ake yi, nawa ma da kwamfuta ya fara, amma inda ya kai ni yanzu ya fi ƙarfin kaina.

Ni ɗan Ƙanƙara ne, ina da ɗan shago ina cajin waya da sola, gefe guda kuma samari suna buga gem, yawanci ƙwallo. Na daɗe ina mafarkin kwamfutar gem irin ta tebur, wadda kamfani ke haɗowa ya sayar a gama, mai gilashi a gefe da fankoki masu haske kala-kala, amma kuɗinta a Kano ko Kaduna sai dai ka kalla ka haɗiye miyau. Halina kuma duk wanda ya san ni ya sani, da na ji an ce araha hankalina ya tafi, matata har tsokanata take wai ko zazzaɓi aka karya wa farashi sai na sayo. To ana nan sai wani direba da ke caji a wurina ya ce min akwai wani bawan Allah a wani ƙauye bayan Daudawa, zan kira shi Lawal, yana da irin wannan kwamfutar zai sayar, kuɗin da ya faɗa bai kai rabin na kasuwa ba. Ban tsaya tambayar me manomi yake yi da kwamfutar gem ba, na hau babur na tafi.

Lawal ya shigar da ni wani ɗaki a soro, ga ta nan a kan tebur an lulluɓe ta da zane mai kyau, ba ƙura ko ɗigo a jikinta. Muka aro janareton maƙwabci na kunna. Gaskiya kaya ne. Furosesarta mai ƙarfi ce, za ta yi shekaru ba a taɓa ta ba. Ram ɗinta giga takwas ne sanda ɗaya, ga rami ɗaya a buɗe yana jiran a ƙara. Katin hoto ya ishi ƙwallo, amma gem na harbi zai riƙa sarƙewa, in kuma za ka sa babba dole ka canza fawa saflai, don irin ƙaramin nan ne da kamfani ke sawa don rage kuɗi. Abin da kawai ya dame ni hard disk ne, tsohon yayi mai juyawa, kafin ta tashi sai ka sha shayi ka wanke kofi, kuma yana wani ɗan ƙara, ƙas, ƙas. Na ce a raina wannan ba komai, in na ƙara ram na sa SSD ta zama sabuwa. Na tambayi Lawal ta wa ce, ya ce ta ƙaninsa ce, ba ya nan. Na ɗauka makaranta ya tafi ko cirani. Na biya, ko tayi ban yi ba don kunya.

Muna ɗaure ta a bayan babur sai ga wata tsohuwa ta fito daga cikin gida da sauri ko takalmi babu, mahaifiyarsu ce, Inna. Ta ce, "Ina za a kai mishi ita?" Lawal ya yi caraf ya ce gyara za a yi mata a Ƙanƙara. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai gyaran?" Jama'a ku fahimce ni, mu a bakinmu ƙara ram da canza hard disk duk gyara muke ce masa, abin da ke raina ke nan tun a ɗaki. Na washe baki na ce, "E Inna, gyara sosai ma, har ƙarfi zan ƙara mata." Sai ta koma ciki ta ƙullo min gyaɗa a leda, ta yi ta sa min albarka, ta ce, "Ka yi mishi da kyau, Auta ba ya son a taɓa mishi ita. In ya dawo shi iske ta lahiya lau." Na ce in sha Allahu. Na lura Lawal ya sunkuyar da kai yana ta jan igiyar da ta riga ta ɗauru, amma farin cikin araha bai bar ni na yi tunani ba.

Da na kawo ta shago, sai da rana tsaka nake iya kunna ta lokacin da sola ta yi ƙarfi. Ba ta da lambar sirri, tana tashi sai hoton wani saurayi siriri ya fito yana dariya, da ɗan tabo a girarsa ta hagu. Na ce kafin in goge komai bari samari su ɗana ƙwallon da ke ciki. Ashe mai ita ya haɗa ƙungiyarsa da kansa a cikin gem ɗin, ya sa mata sunan ƙauyensu, 'yan wasan duk sunayen abokai, mai tsaron gida an yi masa tumbi an rubuta Yaya Lawal, har dariya muka yi. Ɗan gaba kuma an rubuta AUTA a bayan rigarsa, an zauna an ƙera fuskar, tsayin, siririn wuyan, har tabon girar. Kwana biyu ana ta cin ƙwallo da shi, yara na ihu Auta ya ci, Auta ya ci.

Rannan wani ɗan Faskari ya zo kasuwa ya shigo caji, ya tsaya yana kallo. Sai na ga ya dafa bango yana salati. Ya ce min ina na samo wannan, na faɗa masa. Ashe ya san gidansu, shi ne ya ba ni labari. Auta aikin haɗa bidiyon biki yake a Zariya, da kuɗinsa ya sayi kwamfutar, ya dawo da ita gida da damina don ya taya yayansa noma. A daminar bara 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar Sabuwa suka shiga da su daji. An sayar da shanu, an sayar da gona ɗaya, an kai abin da suka nema, wasu suka dawo shi bai dawo ba, lambar da ake kira ma ta daina shiga. Ba a ga gawa ba, ba a yi masa salla ba, ba a yi zaman makoki ba. Har yau in an tambayi Inna cewa take yana hanya.

Lokacin da yake wannan bayanin wanda ke buga gem ɗin ya ajiye abin bugawa. Kun san yadda ɗan wasa ke yi in ba a taɓa shi ba. Sai Auta ya tsaya a tsakiyar fili, ƙirjinsa na hawa yana sauka, ya sa hannu a ƙugu, ya waiga dama ya waiga hagu, kamar mai jiran a kira shi. Wallahi na san zane ne, na fi kowa sanin zane ne, amma sai da na kau da kai. Tun ranar ban ƙara ganin abin daidai ba. Ko a kashe take, in ina ba wa mutum canji sai in ji kamar akwai wani a tsaye a bayana. A sallar azahar ina rufe ido shi nake gani yana waige. Samarin da ke rububin wannan ƙungiya yanzu ba mai zaɓarta, wasu sun daina shigowa gaba ɗaya, wasu kuma da ba su taɓa buga gem ba suna zuwa su ce in kunna musu su ga yaron.

Na kira Lawal, kuma gaskiya ban yi masa magana mai daɗi ba. Na ce ya cuce ni, ya sa na yi wa tsohuwa ƙarya da bakina ban sani ba, ya zo ya ɗauki kayansa. Shi ma ya hau ni da faɗa, ya ce ai ban tambaya ba, araha na gani na rufe ido, kuɗin kuma sun tafi a taki da abincin gida. Muka yi ta yi har na kusa kashe waya. Can sai muryarsa ta karye. Ya ce ba don kuɗin kawai ya fitar da ita ba, kullum da safe Inna sai ta je soro ta yaye zanen ta goge kwamfutar, ta zauna tana ba ta labarin gida, an haihu a gidan wane, dawa ta yi kyau, ta ƙi cin abinci sai ta gama. Ya ce shi ya kai kuɗin dajin da ƙafarsa, abin da ya gani a can ya san ƙaninsa ba zai dawo ba, amma ba shi da bakin da zai faɗa mata. Ya roƙe ni don Allah in goge komai in yi kasuwancina, in ta tambaya zai riƙa cewa ba a samu kayan gyara ba har ta gaji. Na kashe wayar ina jin haushinsa ina kuma jin tausayinsa.

Na je wurin limamin unguwarmu. Malam ya ce kayan wanda ya ɓata ba gado ba ne, ba a rabawa ba a sayarwa sai alƙali ya yanke hukunci a kansa, don haka a wurinsa kwamfutar har yanzu ta Auta ce, amana ce a hannuna. Matata ta ce in mayar kawai in bar wa Allah kuɗin, ita ba ta son abin a kusa da mu. Amma in na mayar na san me na mayar wa Lawal cikin gida.

Na san wasunku za su ce ai da sauƙi, in cire tsohon hard disk in ajiye, ko in kwafe abin da ke ciki in zuba a SSD. Ni ma na yi wannan tunanin, na kai ta Funtuwa wurin mai gyaran da na yarda da shi. Ya kara kunne ya ji ƙas ƙas ɗin nan, ya ce hard disk ɗin yana gargara ne, kowace kunnawa rage masa kwana take. Ya ce zai iya gwada kwafewa amma ba zai yi min alkawari ba, irinsu sau da yawa a tsakiyar kwafewar suke cikawa, in kuma ya tsaya shi ke nan, ƙungiyar da hoton da duk bidiyon da yaron ya yi sun tafi. Ya ce ram da SSD suna nan a ajiye, duk ranar da na shirya in zo. Na dawo da ita na rufe ta da buhu ban ƙara kunnawa ba. Wato in na kunna ina kashe shi, in na kwafe ina iya kashe shi, ku ji ma yadda nake magana, wai shi.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, labari ya kai ƙauyen. Jiya wata baƙuwar lamba ta kira ni, na ɗauka sai na ji muryar Inna, wata maƙwabciya ce ta kira mata. Ta gaishe ni da aiki, ta tambayi iyali. Sannan ta ce, "Ɗan nan, an hwaɗa mini wai Auta na nan cikin abin nan naka yana gudu. Wai har tabon nan nashi. Da gaske ne?" Na ce da gaske ne Inna, amma zane ne kawai irin na wasa. Ta ce, "Na sani, ni ba yarinya ba ce. Ranar kasuwarku zan biyo mota in taho, ka kunna mini in gan shi kan ƙahwahunshi. Kada ka hwaɗa wa babban." Lawal take nufi, ɗan fari ne ba ta kiran sunansa. Kafin in ce komai ta ƙara da cewa kuma in lissafa mata abin da gyaran ya ci, tana da akuya.

Jama'a ranar kasuwa ta kusa. In na kunna mata, ban san ko hard disk ɗin zai tashi ba, ina tsoron ya mutu a gabanta tana kallo. In ya tashi, ban san me ganin zai yi wa zuciyar tsohuwa ba. In na hana ta zuwa da wata ƙarya, na zama abokin Lawal a abin da ban ɗaura ba. In kuma na faɗa mata gaskiya cewa ba gyara aka kawo ba, sayarwa aka yi, to ni baƙo ni ne zan fara gaya mata cewa ɗanta na fari ya fid da rai da autanta, maganar da duk ƙauyen suka kasa faɗa. In kira Lawal in tona mata sirri, ko in yi shiru in ci amanarsa? Masu ilimin kwamfuta ku faɗa min ko in yi kasadar kwafewa kafin ranar, malamai da iyaye mata na cikin gidan nan ku kuma ku taimake ni da wannan, in ta zauna a kan bencina ta dube ni ta ce ɗan nan yaushe za a gama gyaran, me zan ce mata?