Mai Tsaron da Ban Buɗe wa Ido Ba

Yaya Yangdol,

Ina gaisuwa. Yaya gwiwar taki, yaya yara? Ni lafiya lau, tarin ma ya yi sauƙi.

Masu gidan ibadar nan Lisbon sun sa in zana musu Mahakala, mai tsaronmu. Shekara goma sha biyu na yi gaban Malam ina koyon awon fuskarsa. Shugabar gidan ta duba zanen ta ce, "Gyurme, wannan ai sai ya kori baƙi! Cire fiƙoƙin, ka sa ya ɗan yi murmushi."

Na ce, "Ranki ya daɗe, mai gadi ne fa, ba mai shayi ba." Ta yi dariya. Na cire, tunda takardar zamana a hannunsu take.

Kin san ido ake zanawa ƙarshe, daga nan mai tsaron yake shiga hoton. Na kasa. Na bar idanunsa uku a rufe, suka yi ta yabo, wai ya nutsu.

Ki kunna mini fitilar man shanu a wurin ibadarmu na Boudha. Kada Malam ya ji. Gara gidan ya zauna ba mai tsaro da ya buɗe ido ya ga aikina.

Ƙaninki,
Gyurme