Nauyin da Mota Ba Ta Ji

Litinin, 6 ga Mayu

Asibiti yau ma. Uwar yara ba ta iya zama yanzu, ciwon ya kama ƙashin bayanta, sai dai kwanciya. Na shimfiɗa mata katifa a bayan a-kori-kurata, inda nake loda bulo da siminti, na ɗaura tamfol saboda rana. Ni da 'yarmu Auta muka ɗaga ta da ƙyar. Motar ta yi tsayi da yawa, don na sa an ƙara wa sifirin ɗin baya, ƙarfen da ke ɗaukar nauyi, falle biyu saboda kaya.

Hanyar kuwa ramukanta sun fi kwaltarta yawa. Duk ramin da na faɗa sai in ji ta bugi bodi da tafin hannu. Ba ta yi kuka ba. Da muka isa na ga jini a leɓenta.

Likita ya ce duk Litinin za a riƙa kawo ta. Bai tambayi da me muke zuwa ba.

Talata, 7 ga Mayu

Ta ce ba za ta koma ba. "Malam, ka bar ni da ciwo ɗaya. Na hanya ya fi na jikina." Na yi mata faɗa. Ta juya fuska bango.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na kai motar gareji wajen Mai Saje, bakaniken da ya ƙara mata tsayin. Na ce ya cire fallen da ya ƙara, ya kuma cire ɗaya daga cikin na asali, ya canza shokazoba mai rage tsalle. Ya leƙa ƙasa, ya ɗago yana goge hannu. "Malam, in na cire uku, ko buhun auduga ka ɗora sai ta durƙusa. Da me za ka ci abinci?" Na ce ban zo neman shawara ba.

Shekara da shekaru ina koyar da kimiyya, ina zana sifirin a allo, ina ce wa yara, ƙarfe yana lanƙwasa ne gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Waɗanda suka yi barci a ajin nan su ne yanzu suke wuce ni a manyan motoci, gilashi a rufe. Ni kuma ga ni zaune kan tsohuwar taya, ina kallon ana kwance ƙarfen da ke ciyar da ni.

Asabar, 11 ga Mayu

Ta sauko. Bakin bodi yanzu daidai cinyata. Fallen ukun na jingine su bayan ƙofar ɗaki.

Mai gidan bulo ya kira. Na je, aka loda rabin abin da na saba ɗauka, bodi ya zauna kan taya. Masu lodi suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Baba, motar taka ma ta yi ritaya!" Mai gidan bulo bai yi dariya ba, wani direban ya kira. Aka sauke a gabana.

Litinin, 13 ga Mayu

Na lallashe ta ta yarda. Hawa ya yi sauƙi, wannan kam. Amma har yanzu bayan motar yana tsalle, ta bugi bodi sau da yawa.

A harabar asibiti na gane dalili, kuma da ma ban gane ba. Kafin mu sauke ta na sa hannu tsakanin taya da bodi, na auna. Da aka shiga da ita na sake aunawa. Daidai. Tana ciki, ba ta ciki, motar ba ta san bambanci ba. Matar da a da in ta zauna a gado sai ya yi ƙara.

Ban gaya wa Auta ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Ba aiki.

Alhamis, 16 ga Mayu

Nauyi motar take so a kan tayoyin baya, in ba haka ba sifirin ba zai motsa ba. Na cika buhu biyu da yashi.

Mijin Auta ya zo gaisuwa, mai sayar da wayoyin nan da ba ya iya zama minti ɗaya bai latsa wani abu ba. Ya ce, "Baba, ni zan riƙa tuƙa ku ran Litinin, ka huta." Na ce ya huta shi ma. Tun da na sayi motar nan da kuɗin sallamata ba wanda ya taɓa riƙe sitiyarinta sai ni. Ita kaɗai ce abin da ya rage da ke jin maganata.

Litinin, 20 ga Mayu

Da muka kwantar da ita ta ga buhunan, ɗaya dama ɗaya hagu. Ta taɓa, ta ji yashi. Ta yi dariya har ta shaƙe. "Malam, tun yanzu? Ai ka bari in gama tukuna kafin ka fara tara ƙasa." Auta ta fashe da kuka. Ni na ja tsaki na shiga gaba.

Tafiyar ta yi laushi, lissafina bai yi ƙarya ba. Sai ga wani mai babur ya gitta, na taka birki. Buhun hagu ya zame ya danne mata ƙugu. Wannan karon ta yi ihu. Ban taɓa jin muryarta haka ba, ko lokacin haihuwa.

Na zubar da yashin a bakin hanya. Mutane na kallo.

Laraba, 22 ga Mayu

Ba ta yi mini magana ba tun shekaranjiya. Auta ce ke ba ta kunu, cokali uku ta ce ta ƙoshi.

Mai Saje ya aiko a tambaye ni ko a mayar da fallen, wai wani mai kayan katako yana neman mota. Na ce a ce masa na ji.

Asabar, 25 ga Mayu

Na ce mata zan ɗaure buhunan da igiya, ba za su ƙara motsi ba. Ta ce ba za ta sake kwanciya tsakanin ƙasa da ƙasa ba tana da rai. Na ce to sai me, motar nauyi take so. Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kai ɗin ba nauyi ba ne? Shekara nawa ina ɗauke da kai?"

Har da ciwo bakinta bai mutu ba.

Litinin, 27 ga Mayu

Mijin Auta ya tuƙa. Na miƙa masa makulli ban dubi fuskarsa ba. Ba ya iya sa giya ta biyu, sai ta yi ƙara. Daga bayan motar na bugi bodi don ya ji, sai na tuna wa ke bugun nan a da.

Na kwanta daidai kan tayar baya, inda buhun hagu yake. Daga nan hanya dabam take. Ba ka ganin rami yana zuwa, sai dai ka ji shi a haƙarƙari. Tamfol yana zafi, hayaƙi yana shigowa. Duk tafiyar da muka yi, a haka take zuwa.

Na tokare bodi da ƙafa, na riƙe ƙugunta don kada ta gangara. Ƙashi ne kawai a hannuna. Kafin mu kai gada ta yi barci, kanta a kafaɗata. Hannuna ya mutu, ban janye ba.

Likita ya daɗe yana duban hoton bayanta. Ya ce dai mu dawo.

Na ce wa mijin Auta ya zo da wuri Litinin mai zuwa. Motar ta fi tafiya daidai da ni a baya, shi ke nan. Fallen suna nan bayan ƙofa, sun fara tsatsa.