Ranar da Baba Ya Kira Maƙwabci

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka shafa mini kan yara.

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, duk wasiƙar da na aiko maka "muna lafiya" nake rubutawa. Yau ba zan rubuta haka ba.

Kullum da safe nakan yi masa wanka, in canza zanen gado, in ba shi magani, sannan in fita da motar makaranta in kwaso yara. Da rana in dawo a guje in juya shi, don kada bayansa ya yi gyambo. A tsakani Gwaggo za ta kira in kai ta asibiti, ko Yaya Babba ta turo mini ɗanta in yi masa faɗa. Ban taɓa cewa a'a ba. Bakina bai iya ba.

Makon jiya na sunkuya zan ɗago Baba daga kujerar wanka, sai bayana ya riƙe. Muka zame tare, muka zube a ƙasan banɗaki, shi a jikina, ruwa yana ta zuba daga famfo. Bai ji ciwo ba, alhamdu lillahi. Ni ne na kasa ko motsi.

Maƙwabcinmu mai gyaran waya yana tsakar gidansa, ina jin rediyonsa ta taga. Wallahi, Auta, na buɗe baki in kira shi, kunya ta hana ni. Ina ta ce wa Baba yanzu zan tashi, alhali na san ƙarya nake yi.

Baba ya daɗe yana kallona. Mutumin da sai ya sha wuya kafin ya ce "ruwa", shi ne ya tattara ƙarfinsa ya ɗaga murya ya kira maƙwabci. Da karkataccen bakin nan ya yi ta kira har aka ji.

Bayan an kwantar da mu, kowa a gadonsa, maƙwabcin ya ce da daɗewa yana jin nishina ta bango, amma ya ga ba na son a tambaye ni.

Likita ya hana ni ɗaukar nauyi. Makaranta ta sa wani a motar, sun ce za su jira ni, amma ba har abada ba. Maƙwabci ne ke yi wa Baba wanka yanzu, shi ma da shagonsa.

Na gaji, Auta. Ba gajiyar da barci ke kawarwa ba. Wani lokaci in Baba ya yi tari sai in ji haushi ya taso mini, daga baya in zauna ina jin nauyin kaina.

Ka zo. Na san aikinka ba ya sakin mutum da sauƙi, na kuma san ni na saba maka da cewa kada ka damu. Ka nemi hutu, ka zo ka karɓe ni. Na faɗa wa Gwaggo da Yaya Babba su ma. Gwaggo ta tambayi ranar da za ta fara zuwa.

In ka tashi, ka taho da kayan da za su kai ka wata guda.

Allah ya kawo ka lafiya.

Naka,
Yayanka direba